Kawu Uwaisu da Dabinon Gonar Aro

Duk wanda ya sauka a Likoro ba shi da kowa, gidanmu ake nuna masa. Ba wai don muna da shi ba. Kawai dai Kawu Uwaisu, wan mahaifiyata da ya riƙe ni tun ina rarrafe, bai iya cewa a'a ba. Ni na iya, har ya yi mini yawa, amma wa ke tambayata?

Sana'ar Kawu mazarƙwaila ce. Yana da injin matse rake a bakin fadama, da wani tsohon doki mai ido ɗaya da ke juya shi. Yana ɗingisa ƙafar hagu tun yana saurayi, lokacin da ya je ci-rani Kurmi, kurkunu ya kwantar da shi wata uku a rumfar wata tsohuwa da ko yarenta ba ya ji. Ita ta yi ta ba shi abinci har ya miƙe. To, wannan tsohuwar ce ta ja mana. Kowane baƙo ya yi sallama, Kawu ita yake gani. Ni da matarsa Inna Talatu kuwa turmi da taɓarya muke gani.

Shekara huɗu da samun mulkin kai, an gama girbi ke nan, sai ga mutum biyu a zaure, ƙafafu duk sun tsage. Mamuda da matarsa Mairama, daga can ƙasar Nijar. Rigimar siyasa ta tashi a garinsu, ana bi gida gida ana kama maza, wani ya raɗa wa Mamuda cewa sunansa na ciki. Suka fito a ƙafa. Kayansu duka tabarma ɗaya ce, da ƙwarya ɗinkakkiya, da wani ɗan ƙulli a bakin zanen Mairama wanda ko ni ba ta yarda in taɓa ba. Kawu ya kwashe tukwanen mazarƙwaila daga ɗakin ajiya ya ce su shiga.

Ana nan sai aka yi shela a kasuwar Hunkuyi, wai an kafa wani kwamiti a Makarfi na taimakon baƙin da suka gudo. Bargo, hatsi, irin shuka, har da fartanya. Kawu ya ɗauko kekensa marar birki, ya goya Mamuda, suka tafi. Aka ce akawun ya je Zariya. Suka koma, aka ce mabuɗi na wurin wani. Zuwa na uku Kawu ya ce in bi su a mota, tunda na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, ko za a ba da abin karantawa.

Muka samu akawun yana cin gyaɗa, ga barguna a bayansa an tsiba su har rufi. Ko kallon Mamuda bai yi ba.

Ya ce, "Ina takardar shaida?"

Kawu ya ce, "Wace iri, ranka ya daɗe?"

"Daga mai garinsu. Ya rubuto cewa gudowa suka yi."

Na ce, "Malam, mai garin nan fa shi ke nemansa ya ɗaure. Ya koma ya ce masa, don Allah rubuta mini na gudo maka?"

Kawu ya ce, "Bilki, rufe mini baki."

Akawun ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Baba, wannan 'yar taka, Allah ya ba mijinta haƙuri. Ka'ida ce, ba ni na yi ta ba. A dawo wata mai kamawa."

Sau shida Kawu yana zuwa. Wallahi ko zaren bargon nan ba mu gani ba.

Da ya ga damina na matsowa, rumbunmu kuma ya fara nuna gindi, sai ya ce gona ce maganin abin. Ya je wurin Malam Tanko, wanda ya fi kowa fili a unguwarmu, ya roƙa musu aro. Malam Tanko ya ba da wata saura a gefen fadama da ta shekara bakwai ba a taɓa ta ba, tofa ta cinye ta. Aka yi magana gaban shaidu: in an girbe, a kai masa dami ɗaya, don a san ƙasar tasa ce. Mamuda bai yi wasa ba. Ya tumɓuke tofar nan saiwa saiwa, ya yi ta kwasar kashin dokin Kawu a kai yana zubawa. Dawa ta tashi kore shar, har masu wucewa na tsayawa su tambayi ta wace ce.

Akwai abin da kowa ya sani a wajenmu. Gonar aro ba a dasa mata itace, ba a haƙa mata rijiya. Dawa ka yanke ka tafi. Itace kuwa sai ya ga bayan mai aro da mai ba da aro da shaidunsu duka, wata rana jikan mai aro ya tashi ya ce kakana ya dasa, gonar tamu ce. Don kowa ya sani, shi ya sa babu wanda ya faɗa. Kawu ya koya wa Mamuda yadda ake gai da mai unguwa, ya nuna masa rijiyar da ba a sha, har ranakun kasuwa ya lissafa masa. Wannan ɗayar ce ya manta.

Ashe ƙullin Mairama ƙwallayen dabino ne guda biyar, daga bishiyar tsakar gidan uwarta. Ta binne su a gefen gonar, suka tsiro kamar ciyawa. Da ta bar su haka da babu wanda zai lura. Sai ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ni ma na ga shingen, na ɗauka barkono ne.

Dawa ta fid da kai, saura kamar wata guda a yanke, sai ga Malam Tanko da hantsi a ƙofar zaure, ko sallamar kirki babu.

"Uwaisu! Aro na ba ka ko gado?"

"Lafiya, Malam?"

"Je ka ga lafiya a gonata. Dabino! Ba ma rogo ba, dabino! Na tausaya wa mutane ashe da shirinsu suka zo. Su fita yau. Dawar ma a ƙasata ta fito."

Na leƙo daga bayan ƙyaure na ce, "Da tofa ta fito a ƙasar taka shekara bakwai, me ya hana ka girbe ta?"

Inna Talatu ta fizgo ni har ɗankwalina ya faɗi.

Mairama ta fito ta durƙusa tana kuka. Ta ce wa Kawu, "Baba, ni don shi na shuka. Ba mu da abin da za mu ba shi. Na ce ko bayan ranmu 'ya'yansa su ci, su ce wasu baƙi sun taɓa zama a nan."

Malam Tanko ya ce, "Haka kowa ke cewa da fari," ya juya ya tafi.

Mamuda ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya naɗe tabarmarsu. Ya ce ba zai ƙara cin shekara a rumbun da ya ga gindinsa ba, gara ya koma, in ɗauri ne a ɗaure shi. Kawu ya karɓe tabarmar ya zauna a kai.

Kwana uku Kawu yana sammako gidan Malam Tanko. Ga shi ya girmi Malam Tanko da shekara goma, amma ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna da gurguwar ƙafarsa. Ya ce laifin nasa ne, shi ne bai faɗa ba. Rana ta uku ya tafi da liman. Abin da aka samu shi ne, a cire dabinon gaban shaidu, Mamuda ya girbe dawarsa, daga nan gona ta koma ga mai ita. Gonar da aka share, aka ƙosar da taki. Ni dai na faɗa a bakin rijiya kowa ya ji: da ma Malam Tanko hanya yake nema, dabino ya ba shi.

Kawu bai bar kowa ya taɓa tsiron ba. Shi ya haƙa su da ƙasarsu, ya sa a fasassun tukwanen mazarƙwaila, ya kawo gida, ya dasa a bayan ɗakinsa. Bayan girbi kuma ya ɗauki Mamuda zuwa gonarsa ta tudu, ya ja layi da ƙafa a tsakiya, ya ce, "Daga nan zuwa ƙiryar can."

Na ce, "Kawu, mu kuma mu ci me?"

Ya ce, "Abin da ya fito."

Huɗu daga dabinon sun mutu. Ɗaya ta rage, yanzu ta kai mini gwiwa. Mairama ta ce dabino sai da namiji da mace yake 'ya'ya, wannan kuma ba mu san ko mene ne ba. Duk da haka kullum sai ta ba ta ruwa. Mamuda yana can yana sake kwasar taki a kai tun daga farko, Malam Tanko kuma bana masara ya zuba a saurar tasa, ta yi kyau, Allah ya sa masa albarka, ni ba zan sa ba. Kawu har yanzu yakan leƙa Makarfi. Zuwan da ya yi na ƙarshe aka ce an canja akawu, sabon bai san maganar ba, a fara daga farko.

Shekaranjiya wani ya yi sallama a zaure, dogo, da 'yar jaka, ya ce daga wajen Chadi yake. Na kawo ruwa a kwano. Kafin mutumin ya kai baki Kawu ya riƙe masa hannu.

"Tsaya tukuna, ɗana. In an ba ka gona a garin nan, kada ka dasa itace."

Mutumin ya yi sororo da kwano a hannu. Ni kuwa na koma ciki na jawo turmi.