Shuɗin Duron Asma'u

Duk gidan da ka shiga a layinmu na Gwammaja, za ka tarar da shuɗin duro na roba a gindin bango, cike da ruwan sha. Tambayi inda aka saye shi, za a ce maka wurin Malam Isyaku Mai-Duro. Maƙwabcina ne, mutum mai tsafta har ta yi yawa, wanda ko ƙuda ya sauka a hularsa sai ya wanke ta.

Daga wani kamfanin haɗa maganin ƙwari a Sharaɗa yake ɗauko su. Alhaji Ramadan, mai kula da siton kamfanin, shi ke kiransa ya zo da motar a-kori-kura ya kwashe waɗanda aka juye. Abin da bai taɓa tsaya wa Isyaku a rai ba shi ne, kullum kiran yana zuwa ne ana gobe jami'an duba muhalli za su zo. Su kuma sai su tarar da fili fes, su sa hannu, a ƙara rataye wata takardar yabo a ofishin manaja. Ko sau ɗaya ba a taɓa cin kamfanin tara ba, Isyaku kuwa ya ishe mu da wannan labari kamar kamfanin na ubansa ne.

Yana da yadda yake gwada kayansa. Sai ya wanke duro da omo da toka da lemon tsami, ya cika shi da ruwa ya kwana. Da safe ya ɗebo a moɗa, ya duba, ya sansana, ya kurɓa.

"Ai malamai sun gama magana," in ji shi. "Ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne. Wanda ya isa alwala, me zai hana a sha?"

Muka yarda. Wa zai ja da abin da ya karanta tun yana yaro? Ko da hannunsa ya fara rawa, har shayi yana zube masa a riga, tsufa muka ɗora wa laifi.

Da 'yarsa Asma'u za ta tare a Kabara, ya zaɓar mata duron da ya fi kowanne sabunta, ya yi masa wanki na musamman. Cikinta na fari ya zube, na biyu ma haka. Aka yi ta rubutu da hayaƙi. Na uku ya tsaya, ta haifi namiji ɗan mitsitsi, aka sa masa sunan kakansa. Ban taɓa ganin Isyaku cikin farin ciki irin na ranar sunan ba.

Ba a yi arba'in ba ya je Sharaɗa ba tare da an kira shi ba. Ya tarar da leburori sanye da safar hannu da takunkumi suna fasa duro-duro da diga. Ya ce a tsaya, wannan ai ɓarna ce.

Alhaji Ramadan ya ja shi gefe. "Baƙi ne za su zo daga waje, su ba sa sa hannu sai sun ga fasassun da idonsu. Dama haka doka ta ce, mu ma haka muke rubutawa duk shekara. Wannan maganin shiga jikin roba yake, Malam Isyaku, wanki ba ya fitar da shi."

"To waɗanda nake ɗauka fa?"

"Ba masu rini kake sayar wa ba?"

Isyaku ya juya ya fice da sauri. Har yau in na tuna wannan tambayar raina ɓaci yake, don Alhajin ya sha shigowa layinmu gaisuwa, ya kuma ga abin da ke gindin bangonmu.

Isyaku ya tari ɗan adaidaita-sahu zuwa Kabara, ya faɗa gidan ko sallamar kirki bai yi ba. Asma'u na zaune a tabarma da jaririn a cinya, tana ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali saboda zafi. Murfin duron a buɗe yake.

"Baba, lafiya? Sannu da zuwa."

Ya karɓe kofin daga hannunta, ruwan na fantsama saboda rawar hannunsa. Don sabo sai ya ɗaga shi ya duba, ya sansana, ya kurɓa. Garau yake, ba wari, ba ɗaci.

"Tun yaushe kike ba shi?"

"Tun ranar suna mana, Baba. Ai ba na yarda a ba shi na 'yan garuwa sai ya kwana a duronka."