Haƙori a Bangon Ɗakinmu

Yanzu in ruwan fari ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, sai gabana ya faɗi. Da kuwa murna nake yi.

A ƙarshen gonarmu, can wajen Sandamu, akwai wani tudu kamar an kife ƙwarya. Ba a noma shi. Ina yarinya nakan kai wa kakana fura, in ga ya zo da garma daf da tudun, sai ya juya shanu, ya bar kunya a karkace. Wata rana na tsinci jan dutsen ado a gindinsa. Kaka ya sa na mayar, ya tsaya a kaina har na rufe da ƙasa.

"Mutane ne kwance a ciki, tun Daura ba ta zama Daura ba," in ji shi. "Ba mu san sallarsu ba, amma uwa ce ta haife su."

Bayan rasuwarsa damina ta rushe ɗakin da muke kwana ni da Inna. Baffana ya ce babu jar ƙasa irin ta tudun, ga ta kusa. Inna ta ce, "Malam, tsoho fa ya hana." Ya ce, "Tsoho ya tafi, ke kuma ruwa na dukanki." Aka yi tubali. Da maƙwabta suka gani, kowa ya ɗauro amalankensa.

A sakandare an koya mana cewa irin waɗannan tuddai kaburburan mutanen farko ne, kayan tarihi. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Wallahi ban taɓa haɗa shi da namu ba.

Bana ina shafa bango inda yoyo ya zaizaye, yatsana ya taɓa wani abu mai santsi. Na ƙwaƙulo. Haƙori ne, ɗan ƙarami, na yaro, daidai inda nake jingina kaina.

Na naɗe shi a ƙyalle na tafi in mayar, yadda kaka ya koya mini. Na tarar hukuma ta kafa allo, wai an hana haƙa. Bayan allon babu tudu, sai kududdufi, kwaɗi na ta kuka. Babu inda zan mayar.

Yana nan a ƙasan akwatina. A ɗakin muke kwana har yau. Sauran yaron kuwa, ban san a bangon wa yake ba.