Kofin Ruwan da Malam Ya Sha

"Ke kika fi kowa sanin aikinsa, 'yata, ke za ki rubuta ta'aziyyar," in ji Hajiya, matarka, tana miƙo mini makullin ɗakin gwajinka. "Ki kwashe tarkacen ma, ni kwalaben nan tsoro suke ba ni."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka rasu ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, a kan gadonka, kana da shekara saba'in da ɗaya. Ruwa bai taɓa yi maka komai ba.

Shekara bakwai ina ɗalibarka. Kai ka koya mini cewa ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa ba kullum suke cutarwa ba. In ga sanyi ga abinci, sai su yi lamo. In zafi ya dake su, abinci ya ƙare, sai su fara fitar da guba. Ban taɓa ganin mai tausayinsu kamarka ba. Kafin ka amsa gaisuwarmu sai ka leƙa su ka ce, "'Ya'yana, an tashi lafiya?"

Ba zan manta da shekarar da gudawa ta kwantar da ɗalibai mata ba. Biyu ba su tashi ba. Na ɗebo ruwan tankinsu da ke saman bene yana shan rana, na raini ƙwayoyin a irin zafin da suke ciki a can. Gubar ta ninka sau tara. Na rugo maka da jan littafina, inda na rubuta sakamakon. Ka ce, "Ke dai akwai gaggawa." Ka sake gwajin a sanyi, da abinci isasshe, 'ya'yanka suka fito salihan bayi. Na manta cewa kai ka zaɓa wa tankin wurin zama.

A gaban kwamitin bincike ka cika kofi da ruwan tankin ka shanye, aka yi ta tafi. Har a wurin jana'izarka an ba da labarin wannan jarumta. Ni na tafasa maka ruwan a ɓoye, kamar yadda ka umarta, don ina son digirina. Aka kori dattijon da ke wanke tankin. Littafina kuwa ka kulle shi a durowa, wai don kada ya ɓata. Alherinka ke nan: ga shi yau, ko shafi ɗaya bai yage ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka. Allah ya sa a yi maka tambaya a sanyi, irin gwajin da ka fi so. Ina yi wa Hajiya da yara ta'aziyya, da iyayen 'yan matan nan biyu, waɗanda ban je musu gaisuwa ba. Littafin zai isa hannun kwamiti, har da shafin da na rubuta wanda ya tafasa ruwan.

Hajiya tana jirana a baranda.

"Kin samu abin da za ki riƙa tunawa da shi?"

"Na samu, Hajiya."

Na ja ƙofar ta rufe, na miƙa mata makullin, na sauka.