Allon da Na Ƙi Wankewa

Madawa

Na ɗaura wa jaki kaya kafin kiran asalatu, allona a hammata. Ina yaro aka taso ƙauyenmu daga duwatsun Keita, aka zube mu bakin hanyar Madawa don fasa dutse. Malam Idi, malaminmu, ya gudu da iyalinsa. A makarantarsa ba a wanke allo sai an biya masa karatun da ke kai, ni kuwa ranar ya rubuta mini, ban biya ba. Yanzu ga ni da gemu, 'ya'yanmu sun tashi ko baƙi ba su sani ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na fita neman Malam.

Buza

Da la'asar sojan kwamandan Turawa ya tare ni, ya duba takardar haraji, ya ƙyalla ido kan allon.

"Ƙato da kai? In karatu kaka so, ga lakwal, makarantar boko."

"Kun ɗauke mu ba ku tambaye mu ba," na ce. "Wanga kau ba ni tambayar ku."

Ya kwashe mini goro, ya bar allon. Na kwana a rumfar wata mai fura, ba ta karɓi ko anini ba.

Keita

Hawan dutse ya sa jakin ya yi ta gardama, na sauka muka taka tare. Kufanmu ya zama gonar wani. A can aka ce mini Malam yana Babankatami, ya makance. Na juya.

Babankatami

Na same shi a zaure, na faɗi sunan mahaifina. Ya shafa allon, tawadar duk ta koɗe.

"Kai Mamman, ba ka wanke ba?"

"Ban biya ba, Malam."

"To biya."

Na biya da ka, har ƙarshe.

"Tahi ka wanke," ya ce. "Amma ni ba ni gani. Kai za ka rubuta na gaba."

Yana faɗa ina rubutawa, hannun fasa dutse yana karya alƙalami. Na zauna wurinsa har kaka ta wuce.

Gida

Na iso da hantsi, na gode wa Allah da mai furar Buza. Kafin in sauke kaya na kira ɗiyata Hadiza, na aika a sassaƙo alluna. Wani dattijo ya ce, "In sunka sake tashin mu hwa?"

Na ce, "Su tashe mu. Ni zan karantar da yaran, wannan karon da malaminmu za mu tahi."