Gaurakin Fadamar Katagum

Ƙamshin ɗanyar ciyawar da maƙwabcinmu ya yanko wa tumakinsa ne ya tayar mini da wannan zance, jikata.

Ina yarinya kakata ta tafi da ni daga Disina zuwa Katagum barkar haihuwa. A bayan babbar mota muka zauna, kan buhunan gero, damina ta yi tsakiya. Ita ba mutane take kallo a hanya ba, tsuntsaye take kallo. A duwatsun Shira ta nuna mini shirwa tana shawagi, da hasbiyoyi jere a kan falalen dutse. Da muka wuce Azare sai ƙasa ta baje, ciyawa har ƙugu, burtu na takawa a ciki kamar dattijon da babu mai jiransa.

A fadamar Katagum muka tarar da gauraki, biyu-biyu, da tukkunsu kamar zangarniyar gero, kukansu ya cika wurin.

"Ki duba da kyau," in ji kakata. "Ba a ganin ɗaya ita kaɗai."

Can aka kai ni aure daga baya. Malam, maigidana, masunci ne. In ya dawo daga kogi yakan ce, "Mutanenki suna gaishe ki," wato gaurakin. Bana ya rasu. Har yanzu kuka nake yi, ba na kuma ɓoyewa.

Idona yana dushewa. Da na fita takaba sai na roƙi babanki, babban ɗana, wanda nake zaune wurinsa a Azare, ya kai ni fadamar in gan su kafin hasken ya ƙare. Ya ajiye aikinsa ya kai ni a motarsa. Muka tarar da shinkafa ko'ina, injinan ban ruwa suna ta ruri. Muka jira har la'asar.

"Inna, ga su can, guda biyu," in ji shi.

Na hangi wani abu fari-fari. Gauraka ba fara ba ce, ba ta kuma yin shiru haka. Belbela ce. Amma na ji yadda muryarsa ke rawa.

"Na gani," na ce. "Allah ya yi maka albarka. Mu koma."

Yanzu ko masunta sun ce sun daɗe ba su ji kukan gauraka ba, yaranku kuwa sunanta ma baƙo ne a kunnensu. Babanki bai san na gane ba. In za ki karanta masa wannan da kike rubutawa, ki tsallake wannan wurin.