Ƙarfen Agogon da Ya Ci Mini Ido

Shekaru kaɗan bayan Faransawa sun sauke tutarsu, lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahome, ni magidanci ne ɗan shekara ashirin da takwas, haifaffen Djougou, daga gidan da tun kaka da kakanni ba a san wata sana'a ba sai fataucin goro. Ni kaɗai na karkace. Na tafi Parakou na zauna gaban wani dattijo mai gyaran agogo a unguwar Guéma, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa ke kawo wa aiki. 'Yan uwana suka ce na zubar da girman gida, wai ƙato da gemu ya koma wasa da tarkacen Nasara.

Ina wata na bakwai da fara koyo na je gida sunan ɗan ƙanwata. Da hantsi muna zaune a zaure da kawunnanmu, sai yayana ya ciro agogon aljihun marigayi babanmu, wanda ya tsaya tun yana da rai, ya ajiye a gabana kan tabarma. Ya ce tunda an ce na zama gwani, to ga fili ga mai doki. Aka yi dariya. Ina buɗewa na ga ciwon. Resor ne, wato siririn ƙarfen nan da ke naɗe kamar gammo cikin ɗan gwangwaninsa, mai tura agogo idan an yi masa wani, ya kuɓuce daga maƙalinsa. Maigidana ya sha gaya mini cewa ɗan koyo ba ya mayar da shi da yatsu, akwai abin naɗe shi na musamman. Abin naɗin kuwa yana Parakou. Na san haka sarai, amma dariyar nan ta fi maganarsa ƙarfi a kunnena.

Na zaro ƙarfen, na gyara bakinsa, na shiga cusa shi zagaye-zagaye da babban yatsa, na sunkuya har hancina na neman taɓa shi. Saura zagaye biyu, gumi ya sa yatsana ya zame, ƙarfen ya ɓalle. Ban ji ƙarar komai ba, sai zafi kamar an soka mini allura mai wuta a idon hagu. A motar doya aka kawo ni Parakou, kuma likita bai ɓoye mini ba, ya ce idon ya tafi.

Yayana ya zo duba ni yana hawaye, ya roƙi gafara, sannan ya ce kawunnai sun yanke shawara in tattara in dawo gida, an ware mini rumfa. Na ce gafara kam na yi masa har zuciya, amma ya gaya musu sana'ar da na biya da ido ba zan bar ta a kan huhun goro ba, ko da kuwa ɗayan ma zai bi sahu. Ranar da aka kwance mini bandeji na koma shago. Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki gilashin duba agogo ya maƙala mini a idon dama, ya ce wannan aiki bai taɓa neman ido biyu a lokaci ɗaya ba. Wata uku ya sa ni ina naɗe tsofaffin resor ina kwance su, ba ya bari in taɓa komai sai su. Bayan nan na sa aka kawo mini agogon Baba daga gida, na gyara shi, na ba direba ya kai wa yayana, ban haɗa da saƙo ba.

Yau na tsufa a kan teburin nan, da shi na aurar da 'ya'yana. Masu jiran in ce na yi nadamar barin goro su gyara zama, za su daɗe. Nadamata ɗaya ce, na bar masu dariya suka zaɓa mini ranar gwada gwaninta. Duk mai koyon sana'a da ke karanta wannan, idan an tsokane ka a bainar jama'a ka ce ba ka iya ba tukuna, ka tashi. Mutanen zauren nan sun manta da dariyarsu kafin la'asar, ni kuwa kullum na wanke fuska sai na tuna.