Hotuna Ashirin na Kwatangwalon Inna

Shekara goma ke nan da rasuwar abokina Sanusi, kuma har yau idan na tuna shi ba hawaye ne ke fara zuwa mini ba, ihunsa ne. Mutum ne da idan abu ya yi masa daɗi sai duk benen ya sani. Shekara uku muna ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, ni ina karatun hadisi, shi yana digiri na biyu a kan abin da na ɗauka wasa ne: yadda hoton ƙashi da ya fito dishi-dishi a kwamfuta zai fito tar. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Ustazu.

Duk wanda ya yi karatu a Alƙahira ya san wani aiki da ba ya cikin jadawali. Mutum ya yi ciwo a gida, sai a turo maka hoton asibiti ka nuna wa likitan Masar. Kuma hanyarmu ɗaya ce: a ɗaga baƙin fim ɗin a jikin taga, a ɗauka da waya, a zaɓi wanda ya fi kyau, a goge sauran don kada a cika wa mutum waya.

Haka ƙanwata Rabi ta yi lokacin da Innarmu ta zame a bakin famfo. A asibitin garinmu an duba fim, aka ce ba a ga karaya ba, amma kwana huɗu ba ta iya taka ƙafar. Kawunmu ya ce gocewa ce, ya kira mai ɗori, zai zo ranar Alhamis ya ja ƙafar ta koma. Na kai hoton wurin wani likitan ƙashi a Wustul Balad, tsakiyar birnin, wanda nake yi wa marasa lafiyarmu tafinta a gabansa. Ya duba ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ya ganin komai. Sai dai ya ja mini kunne: in akwai tsagewa a wuyan kwatangwalo kuma aka ja, da wuya ta ƙara tafiya. Wannan ranar Talata ce.

Na dawo ɗaki na nuna hoton. Sanusi ya karɓi wayar, ya ce, "Ina sauran?"

Na ce masa ai Rabi ta goge su, don hannunta ya yi rawa wajen ɗauka.

"Kai, Ustazu! Ai rawar nake nema!"

Ya ce duk motsin hannu kaɗan yana sa waya ta kama wani ɗan abu da ta rasa a hoton baya, manhajar da yake haɗawa kuma tana jera su ta tsinto na kowanne. Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Ba ku ne kuke cewa ruwaya mai rauni in ta zo ta hanyoyi da yawa tana ƙarfi ba? To shi ne." Wallahi a nan na fara girmama karatunsa. Na kira Rabi na ce ta ɗauki ashirin, kada ta zaɓa, kada ta goge, ta turo ta imel don kada waya ta matse su.

Laraba da hantsi suka iso. Tsohuwar kwamfutarsa ta yi ta nishi, mu biyu mun ƙura mata ido, shayi ya huce. Sai hazon ya fara washewa, gefen ƙashi ya fito da kaifinsa, ga wani layi ɓaro-ɓaro ya ratsa shi. Na yi tsalle ina kabbara, na zaro waya zan kira Kawu. Sanusi ya riƙe mini hannu.

"Tsaya. Duk ruwayoyin nan daga taga ɗaya suka fito. Me ke bayan tagar?"

Na tambayi Rabi. Igiyar shanya ce. Kunya ta kama ni, saura ƙiris in tayar da gida a kan igiyar da ake shanya zannuwan Inna. Ya sa Rabi ta rataya farin zanin gado a rana a tsakar gida, ta juya fim ɗin a kaikaice, ta sake ɗaukar ashirin. Ya ce abin da ke jikin ƙashi zai juya tare da ƙashi, sauran kuma su ɓace.

Babban layin ya ɓace. Amma can ƙasa da shi wani siriri kamar gashi, wanda ni ban ma lura da shi ba a farkon, ya juya tare da ƙashin, ya tsaya daram. Ihun da Sanusi ya yi sai da maƙwabciyarmu Bamisriya ta buga ƙofa. Ya ce mata khalas, shi ke nan, alheri ne, ya juyo gare ni ya ce yalla, mu tafi. Da silifa daban-daban a ƙafarsa muka shiga metiro, jirgin ƙasan cikin gari, yana rungume da kwamfuta, yana nuna wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Likitan ya duba, ya sake dubawa, ya ce tamam, daidai ne, ga tsagewar nan, kada kowa ya taɓa ƙafar. Mai ɗori ya zo ranar Alhamis, ya sha fura, ya koma. A babban asibiti aka sake hoto, aka tabbatar, aka sa wa Inna ƙarfe.

Yanzu fa? Kowace waya tana gyara hoto da taɓawa ɗaya, na kuma ji har injinan asibiti sun koyi yi da kansu. Da Sanusi na nan, na rantse ba zai iya zama ba don murna, sai ya ishe mu da bayani. Amma kwanan baya na sa wayata ta gyara wani tsohon hotonmu, ya fito fes, sai na ga ta toshe masa wushiryarsa, ta ba shi haƙoran da ba nasa ba. Na yi dariya, sannan na ji tsoro. Na san abin da zai tambaya: wanne ne ƙashi, wanne ne igiyar shanya?

Bai kai ga ganin wannan zamanin ba. Ya kammala, ya koma gida, zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Manhajar tana cikin kwamfutar da ba wanda ya san lambar buɗe ta. Ba littafi, ba sunansa a jikin wani inji. Abin da ya bar mini shi ne har gobe in an turo mini hoto sai na ce a turo duka, kuma sai na tambayi me ke bayan tagar.

Inna ba ta taɓa ganin Sanusi ba. Da muka je ta'aziyya garinsu, ta sa direba ya tsaya tun daga bakin layi, ga rana, ga nisa. Na ce Inna a ƙarasa da ke ƙofar gida mana. Ta buɗe mota, ta sauko da ƙafar a hankali, ta ce, "Bar ni, Habibu. Ina so uwarsa ta ga na zo da ƙafata."

Allah ya jiƙan Injiniya, ya haskaka kabarinsa.